TSUFA DA ZAƁEN ABIN FAƊA

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai)



Ranar da sakataren ƙungiya ya kawo mini takardar gayyata, ya ce kwamiti ya bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai, na ce masa ai kun ɗora mini kaya. Da kun ce in yi magana a kan kaza, da na huta. Dattijon da aka ce wa ya faɗi duk abin da ya ga dama an jefa shi cikin wata wahala wadda shi kansa bai san da ita ba, kuma wannan wahala ita ce kan jawabina na yau. An ba ni minti 20. Na riga na roƙi shugaban taro, in ya ga na saki hanya, ya ja mini riga, ba zan yi fushi ba.

ABIN DA YA SAME NI

Da yawanku kun tuna shekarar da iska ta yaye rufin ɗakin kimiyya. Ƙungiya ta tashi mutum huɗu su je su ga wani babban jami'i don neman taimako, kuma da yake ni ne babba a cikinsu, aka ce ni zan yi magana. Mun yi wata biyu muna neman ganinsa kafin a ba mu minti 10. Da muka shiga ya karɓe mu da mutunci. Cikin gaisuwa sai ya ambaci garin da mahaifinsa ya fito. Ashe garin ne aka fara tura ni koyarwa. Nan take zance ya zo mini. Na ba shi labarin rafin da muke ƙetarewa da keke a ka, daga rafi na faɗa labarin hedimastanmu na lokacin, daga hedimasta na shiga zancen yadda ake koyar da lissafi a da. Mutumin yana ta dariya, ni kuma ina jin daɗi. Sai ga sakatarensa ya leƙo, ya ce baƙi na jira. Muka yi sallama cikin fara'a.

Sai da muka shiga mota ƙaramin cikinmu ya juyo, ya ce a hankali, "Baba, ba mu fa ambaci rufin ba." Damina ta faɗi a kan ɗakin nan a buɗe, kayan aikin da ke ciki suka lalace, yaran ajin ƙarshe suka shiga jarrabawa ba su taɓa kwalbar gwaji ba. Babu laifin kowa a cikin wannan sai nawa.

Abin ya tsaya mini a rai, domin na shafe shekara 35 ina koyar da harshe, ina ja wa yara kunne cewa kada su saki kan magana. Ban manta da rufin ba, yana cikin kaina tun daga shigarmu har fitarmu. To, me ya hana shi fitowa? Neman amsar wannan tambaya ne ya sa na koma karatu, kuma abin da na samo shi zan baje muku.

MATAKAI UKU NA MAGANA

Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Levelt ya fitar da littafi a shekarar 1989 a kan yadda ɗan Adam ke yin magana. Ya ce kafin zance ya fito daga baki yakan bi matakai uku. Na farko, mutum ya tsayar da abin da yake son ya faɗa. Na biyu, ya nemo kalmomi ya jera su bisa ƙa'idar harshe. Na uku, harshe da leɓɓa da maƙogwaro su furta. Duk wannan cikin sauri yake gudana, domin a hira ta yau da kullum mutum yakan furta kalma biyu zuwa uku a sakan guda.

In ana zancen tsufa da magana, hankalin jama'a ya fi tafiya ga mataki na biyu. Kowa a nan ya san shi: ka ga tsohon abokin ajinka, ka san gadonsa a ɗakin kwana, ka san laƙabinsa, amma sunansa ya maƙale, sai ka ce, "Kai, wane ne ma?" Deborah Burke da abokan aikinta a Amurka sun nuna a 1991 cewa wannan maƙalewa tana ƙaruwa da shekaru, kuma ta fi kama sunayen mutane. To amma abin da ya same ni a ofishin nan ba shi ba ne. Kalmomi sun yi ta zuba ba tsayawa. Matsalata tana mataki na farko, wato zaɓen abin faɗa.

MAI TSARON ƘOFA

Bari mu yi ɗan gwaji kamar muna aji. Zan ambaci abu, ku faɗi aikin da ake yi da shi. Almakashi. Kun ji, kowa ya ce yanka, baki ɗaya. To, igiya fa? Kun ga an ɗan yi shiru, sa'an nan wani ya ce ɗauri, wani ya ce jan ruwa, wani shanya, wani tufka. Ba wai igiya ta fi almakashi wuyar sani ba ne. Amsoshi ne suka taso da yawa a lokaci guda, dole ƙwaƙwalwa ta ɗauki ɗaya ta danne saura.

Ku tuna ɗakin cin abincinmu. Da an kaɗa ƙararrawa sai kowa ya sheƙo da kwanonsa, ga ƙofa ɗaya tak. Akan tsayar da wani babban ɗalibi a bakinta, yana shigar da mu ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da masu kutse. Baki ma ƙofa ɗaya ce, tunani kuwa tururuwa yake yi. Akwai mai tsaron wannan ƙofa a cikin ƙwaƙwalwa.

A 1997 Sharon Thompson-Schill da abokan aikinta a Amurka suka yi wa mutane gwaji irin wanda muka yi yanzu, suna ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Suka ga wani yanki a gaban ƙwaƙwalwa ta ɓarin hagu, wajejen gefen goshi, yana ƙara aiki duk lokacin da amsoshi suka yi yawa. Yankin nan shi ne wajen da likitan Faransa Paul Broca ya danganta da magana tun 1861.

Abin da ke faruwa in wannan yanki ya lalace ya fi komai bayyana aikinsa. Masanin Rasha Alexander Luria, wanda ya yi aiki da sojojin da suka ji rauni a ka a Yaƙin Duniya na Biyu, ya bayyana wasu marasa lafiya masu ban mamaki. Suna iya maimaita abin da aka faɗa musu, suna iya faɗin sunan abin da aka nuna musu, amma in aka ce su ba da labari da kansu sai su yi tsit. A 1998 Gail Robinson da abokan aikinta a Landan suka yi nazarin wata mata mai irin wannan ciwo, wadda ƙari ya taɓa mata wannan yanki. In an ba ta jimla mai cikon da kowa ya sani, takan cike ta nan take. In kuwa jimlar na iya ƙarewa ta hanyoyi da yawa, sai ta kasa. A Hausa misalin na farko shi ne "ya ɗauki buta ya cika ta da...", na biyu kuma "da ya isa kasuwa sai ya...". Kalmominta suna nan, saninta yana nan. Mai zaɓe ne babu.

ABIN DA TSUFA KE YI

Mu alhamdu lillahi ba ciwo ne da mu ba. Amma sanin masana ne cewa gaban ƙwaƙwalwa yana cikin sassan da suka fi saurin motsewa in shekaru suka ja. Mai tsaron ƙofa yana nan, sai dai ya rage zafin nama. Wannan yakan bayyana ta fuska biyu.

Fuska ta farko ita ce jinkiri. A wani bincike da aka buga a 2019 daga Jami'ar Queensland ta Ostareliya, an gwada matasa 20 da dattawa 20 masu shekara 60 zuwa 80. Dattawan sun fi jinkiri a ko'ina, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin lura shi ne tazarar ta fi faɗi a wuraren da sai mutum ya ƙago abin faɗa da kansa, ko ya zaɓi ɗaya daga amsoshi masu gogayya. Wato shirun da dattijo ke yi kafin ya amsa buɗaɗɗiyar tambaya sau da yawa shirun tantancewa ne, kansa cike yake.

Fuska ta biyu ita ce kutse. Tun 1988 Lynn Hasher da Rose Zacks suka kawo ra'ayin cewa babban abin da tsufa ke raunanawa shi ne ikon danne tunanin da bai shafi abin da ake ciki ba. A 1993 Tannis Arbuckle da Dolores Gold, a birnin Montiriyal na Kanada, suka gano cewa dattawan da suka fi sakin kan zance su ne kuma suka fi rauni a gwaje-gwajen wannan dannewa. Ya kamata in ƙara da cewa waɗanda abin ya yi wa tsanani kaɗan ne, yawancinmu jefi-jefi yake kama mu.

Binciken da ya fi kwantar mini da hankali shi ne na Paul Hoffman da abokan aikinsa a Jami'ar Edinbara, wanda aka buga a 2018. Sun tara mutum 60, matasa da dattawa, ana ba kowa kan magana ya yi zance na minti ɗaya, sa'an nan kwamfuta ta auna yadda zancen ya tsaya a kan batun ko ya ratse. Dattawa sun fi ratsewa. Da aka bincika dalili, sai aka ga abu biyu. Wanda ke da rauni wajen zaɓe tsakanin ma'anoni masu gogayya ya fi ratsewa. Haka kuma wanda ya fi yawan sani ya fi ratsewa. Ku sake saurare: yawan sanin kansa yana cikin abin da ke jawo ratsin.

Sani kuwa ƙaruwa yake yi da shekaru. Wani nazari na 2015 a kan kusan mutum 50,000 ya nuna cewa saurin sarrafa bayani yakan kai ƙololuwa tun mutum bai cika shekara 20 ba, amma sanin kalmomi yakan ci gaba da hauhawa har wajen shekara 70. Saboda haka abu biyu ne suka haɗu mana: mai tsaron ƙofa ya tsufa, ɗalibai kuma sun ninka. In aka ambaci sunan wani gari a gaban yaro ɗan shekara 25, suna kawai ya ji. In aka ambace shi a gabana, rafi ya taso, keke ya taso, hedimasta ya taso, kowanne yana neman fita. Rufin ɗakin kimiyya yana tsaye a layi da ladabi, masu kutse suka rigaye shi.

KADA A YI MANA RASHIN ADALCI

Da zan tsaya a nan da na zalunci sa'o'ina. A 1998 Lori James da Deborah Burke da abokan aikinsu suka sa matasa da dattawa su yi magana iri biyu: bayanin hoto, da kuma labarin rayuwarsu, kamar iyali da karatu. A bayanin hoto dattawa ba su fi matasa ratsewa ba. A labarin rayuwa ne suka ratse. Daɗin daɗawa, da aka ba wasu mutane dabam zantukan su auna, sai suka ce na dattawan sun fi daɗin ji, sun fi ƙunsar bayani.

Ma'anar wannan ita ce wani ratsin da gangan ne. Dattijo yakan ga cewa jera abin da ya faru bai isa ba, sai an faɗi abin da ke bayansa. Bahaushe ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Sau nawa aka kawo rikicin gona ko na aure gaban tsoho, ya soma da labarin da kowa ke ganin bai da alaƙa, sai can a ƙarshe a ga ashe nan maganin yake? Don haka ratse ba aibi ba ne a ko'ina. Labarin rafin nan da a zaure na ba da shi bayan sallar isha'i, da ya yi kyau. A ofishin da aka ba ni minti 10, ya jawo mana asarar damina guda. Abin da ya wajaba shi ne mu san wurin da muke.

INDA YA KAMATA A GA LIKITA

Akwai abin da ba tsufa ba ne, kuma ina roƙon a riƙe wannan ko da an manta da sauran jawabin. In magana ta rikice wa mutum farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta ɓari ɗaya ta mutu, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A nufi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye, domin maganin narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya a cikin awa huɗu da rabi na farko aka fi ba da shi. Haka kuma in aka ga mutum sannu a hankali yana rasa sunayen kayan gida na kullum, yana maimaita tambaya ɗaya, yana ɓata a unguwar da ya sani, kada a ce gigin tsufa ne a zauna. A kai shi a duba. Masu hawan jini da ciwon suga su riƙe maganinsu. A kuma riƙa duba kunne, domin wanda bai ji tambaya sosai ba dole amsarsa ta kauce, kuma sau da yawa ana zargin ƙwaƙwalwa alhali kunne ne.

SHAWARA GA SA'O'INA

Tun da zaɓe a tsaye ne ke yi mana wuya, sai mu yi zaɓen a zaune. Kafin ka je gaban hukuma, ko likita, ko kwamitin tantance 'yan fansho, ka tambayi kanka tun daga gida: in abu ɗaya kaɗai za a bari in faɗa, wanne ne? Ka rubuta shi a 'yar takarda da kalma biyu ko uku, ka riƙe a hannu. Babu kunya a ciki.

Na biyu, da an gama gaisuwa ka fara da buƙatar. Mun saba da shimfiɗa kafin a zo ga magana, kuma ladabi ne mai kyau, amma a cikin shimfiɗar nan ne masu kutse ke shigowa. In buƙata ta riga ta fita, labari ya biyo baya, ba a yi asarar komai ba. Wannan ya fi muhimmanci a gaban likita. Dattijo yakan ƙare lokacinsa a kan tarihin ciwon gwiwa, sai yana bakin ƙofa ya tuna da ciwon ƙirjin da ya kawo shi.

Na uku, ka tafi da yaro, ka ba shi izini tun a gida ya tuna maka. Da na ba yaron nan wannan izini, da ya yi gyaran murya a minti na uku. Kunyata ce ta rufe masa baki.

Na huɗu, magana mai nauyi a yi ta a wuri marar hayaniya, a kashe rediyo, a ajiye waya, kuma a lokacin da jiki bai gaji ba. Duk abin da ke jan hankali ƙarin ɗan kutse ne.

SHAWARA GA MATASA

Ku kuma ƙannenmu da 'ya'yanmu, ga naku. Ku ƙuntata tambaya. In ka ce, "Baba, ba mu labarin makaranta," ka ba shi igiya. In ka ce, "Baba, wa ya koya muku lissafi a aji ɗaya?" ka ba shi almakashi, kuma daga nan za ka ji abin da ba ya cikin kowane littafi. In dattijo ya yi shiru, kada ka yi saurin cike masa jimla, ka ba shi 'yan sakan. In ya ratse, akwai hanyar dawo da shi ba tare da an kunyata shi ba: "Baba, ɗazu kana maganar rufi." Shi ke nan. Kada kuma ku ɗauki ratse a matsayin shaidar cewa hankali ya tafi, ku daina shawara da shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

SHAWARA GA ƘUNGIYA

Mu faɗi gaskiya, matasa da yawa sun daina zuwa taronmu ne saboda mukan shafe awa huɗu ba a yanke komai ba. Mu kuma dattawa mukan koma gida da ɓacin rai in aka katse mu. Shawarata ita ce a raba zaman gida biyu. A yi zaman aiki, a aika wa kowa jerin batutuwa tun da mako guda, kowane mai magana ya san batunsa da mintinsa. Bayan an ci abinci a yi zaman tuna baya, babu agogo, a sa yara su ɗauki muryoyinmu a waya a adana. Kowace shekara jerin waɗanda muke yi wa addu'a a farkon taro ƙaruwa yake yi, kuma kowannensu da nasa labarin yake tafiya.

KAMMALAWA

Mai girma shugaba, ina ganin hannunka ya fara matsowa kusa da rigata. Dama ambaton agogo ya tuno mini da wani malaminmu mai agogon aljihu, amma na bar shi sai zaman bayan abinci. Ga 'yar takardata, kalma uku ce a kanta: a raba zama. Ina roƙon a sa wannan shawara cikin abubuwan da za a tattauna yau, kafin a tashi.

 Allah Ya ba mu tsufa mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.